Abin da na ciyar da Hajiya a gidan shayin Liwan

Daga admin: wani ɗan'uwa da ke zaune a China ya turo wannan ta inbox, ya roƙi a sakaya sunansa. A ba shi shawara da mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe, don na san wasu da sun ga maganar abinci ce za su ce wannan bawan Allah ba shi da matsala. Ni ma da a kan wani abin ya faɗa, ƙila haka zan ce. Ranar Juma'a mai zuwa kawuna zai kira ni ya tambaye ni ko a ba abokina auren ƙanwata, maganata kaɗai ake jira, ni kuma mako biyu ke nan ko fuskar abokin nan ba na son gani.

Ni ɗan Kano ne, na kai shekara tara ina Guangzhou, ban da zaman dole da korona ta sa na yi a gida. Takalma da jakunkunan mata nake saye ina tura wa 'yan kasuwa. Ina haya a Dengfeng, inda yawancinmu baƙaƙen fata muke. Gara in faɗi aibina da bakina, ni mutum ne mai son ciki. Ba na shan sigari, ba na yawon banza, amma in aka ce ga wani abinci can ƙarshen gari to sai na je na gani da idona.

Abokin nawa bari in kira shi Mumuni, ba sunansa ke nan ba. Ɗan zangon Kumasi ne, shipping yake yi, kuma Allah ya ba shi yaren China kamar a nan aka yanke masa cibiya, yana ji yana karantawa. Ni nawa yaren na ciniki ne, nawa ne, ya yi tsada, babu, na gode, daga nan sai nuni da hannu. Tun zuwana muka haɗu, ina tsokanarsa da Hausarsa ta zango, shi kuma yana cewa mu Kanawa mun cika ɗaga murya. Ina roƙon kada wani ya shigo comment ya zagi mutanen Ghana, na zauna da su na ga kirkinsu, maganata a kan mutum ɗaya take.

Shi ya fara kai ni shayin safe. Mutanen garin nan suna da al'ada, da safe sai a cika gidan shayi, tsofaffi da jaridunsu, 'yan kasuwa da wayoyinsu, ana zuba shayi ba madara ba sukari, ana kawo abinci a 'yan ƙananan kwandunan gora da aka turara, kowane kwando guda uku ko huɗu. Shi suke kira dim sum. Yawancinsa ƙullin fulawa ko na shinkafa ne da aka cusa wa nama ko jatan lande, akwai ƙafar kaza mai laushi, akwai shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganye kamar alala. Matsalar ita ce kusan duk gidajen da alade suke yi, don haka mu sai dai mu leƙa mu wuce. Amma a wani lungu a unguwar Liwan, kusa da kasuwar da nake sayen takalma, akwai gidan wani tsoho musulmi ɗan China da muke kira Baba Ma. Koren allo a ƙofa da rubutun Larabci, shi kansa da farar hula, in lokaci ya yi a bayan shagon yake sallah. Da naman sa da na rago da kaza yake nasa.

Ranar farko na ba su dariya. An kawo buta da wata roba, na zuba shayi na kurɓa, ashe zubin farko na ɗauraye kofi da sandunan cin abinci ne, a juye a robar. Baba Ma ya yi dariya har da riƙe ciki. Da kwandunan suka iso na ce wa Mumuni wannan ai rabon magani ne ba abinci ba, uku-uku. Kafin mu tashi na tara kwando goma sha ɗaya a gabana, Mumuni ya ce in na ci gaba haka sai dai ya tura ni gida a kwantena.

Daga nan wurin ya zama gidana. Duk wanda ya zo daga Kano sayen kaya, in ya gaji da shinkafa da miyar Dengfeng, sai in ɗauke shi mu tafi Liwan. Na kai alhazai, na kai malamai, na kai wata baiwar Allah mai juna biyu da ba ta iya cin komai. Ni nake koya musu ɗauraye kofi, ni nake nuna musu yadda ake ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu in an zuba wa mutum shayi, wato ya gode. Har suna suka sa mini, Sarkin Kwando. Duk wanda ya yi ɗari-ɗari sai in buga ƙirji in ce ya ci hankali kwance, gidan musulmi ne, in akwai wani abu a wuyana.

Sai korona ta zo. Na je gida da niyyar wata ɗaya, hanya ta rufe, na kusa shekara uku ban dawo ba. Mumuni yana nan bai motsa ba. Shi ya kwashe kayan ɗakina ya ajiye a wurinsa, shi ya lallaɓa ya tura mini kayan da suka maƙale a sito, a lokacin da mutane suke gudun junansu. Wannan ba zan taɓa ɓoye shi ba, ya yi mini abin da ɗan'uwa na jini ma sai ya yi tunani.

Da na dawo, washegari na ce mu tafi wurin Baba Ma. Muna zuwa na ga wurin ya canza. Gilashi ko'ina, fitilu masu ratayowa, baƙaƙen faranti, an ƙara wasu 'yan abinci na Japan da na Thailand da ake jerawa loma bibbiyu a tsakiyar faranti, samari da 'yan mata sai ɗaukar hoto suke kafin su ci. Babu koren allo, babu tsoho. Na tambayi Mumuni, ya ce tsoho ya gaji ya koma garinsu, ɗan ƙaninsa ne ya karɓi wurin ya gyara shi irin na zamani, allon kuma hukuma ce ta sa aka cire shi kamar yadda aka cire a sauran shaguna. Ban yi musu ba, don da idona na ga gidajen abinci na musulmi da na sani a unguwar Xiaobei babu rubutun Larabcin a ƙofarsu, kuma mutanen ciki su ne dai. Takardar oda ma an daina, yanzu da waya ake scanning, komai da yarensu. Mumuni ya ciro wayarsa ya yi mana oda, kuma daga ranar kullum shi yake yi.

Abin da yake ƙona mini rai in na tuna, har yabon abincin na yi. Na ce masa yaron nan ya fi baffansa hannu, ƙullin jatan landen nan ya fi na da laushi da maiƙo. Ya yi murmushi. Shi kuwa bai ci ba, ya ce ulsa ta kama shi lokacin kulle, likita ya hana shi abu mai maiƙo da safe. Shayi kawai yake sha, wani lokaci ya ciro dabino a aljihu. Na tausaya masa, har sassaƙe na sa aka kawo masa daga Kano. Da yamma kuma sai in gan shi a Dengfeng yana narkar shinkafa da wake da yaji, in ce wannan wace irin ulsa ce mai duba agogo, mu yi dariya. Shekara biyu muna haka, ko sau ɗaya bai kai loma bakinsa a gidan nan ba, ni kuma ina ta jigilar baƙi.

Bara mahaifiyata ta zo aikin ido, yanar ido ce ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma ya fara. Ƙanwata ce ta rako ta, ma'aikaciyar jinya ce, shekararta ashirin da tara. Sai kun san Hajiya za ku gane nauyin maganar nan. Mace ce da ko kaza ba ta ci sai ta san wanda ya yanka. A jirgi dabino da ruwa ta sha har suka sauka. Jakarta ɗaya garin tuwo ne da kuka da daddawa da kilishi, ta ce ba za ta zo ƙasar da ba ta san hannun mutanenta ba ta ɓata cikinta da tsufanta. Makon farko ko biredin kanti ba ta taɓa ba. Ni ne na dame ta, kullum ina ba ta labarin gidan shayi, ina so ta ga inda ɗanta yake da daraja, ana ganina ana cewa laoban, wato maigida. Da ƙyar ta yarda.

Mun zauna, an jera kwanduna, ba ta miƙa hannu ba. Ba ni ta tambaya ba, ta san ni da son ciki. Ta juya wajen Mumuni ta ce, “Ɗana, kai ne mai jin yarensu. Ka tabbata?” Ya zuba mata shayi da hannu biyu ya ce, “Hajiya, ki ci.” Ta yi bismilla ta ci. Abincin ya yi mata, ga laushi, haƙoranta ba su wahala. Mako uku kusan kullum sai mun biya can kafin mu wuce asibiti, har ta koyi ƙwanƙwasa tebur tana dariya kamar yarinya. Ban taɓa ganin Hajiya ta sake a baƙon wuri kamar yadda ta sake a teburin nan ba.

A asibiti kuwa Mumuni ya ajiye aikinsa ya zama bakinmu. Shi yake magana da likitoci, shi yake bin layi, ranar aiki yana zaune a ƙofar tiyata tare da ni tun safe har aka fito da ita. Hajiya ta koma gida tana gani tangaram, tana sa masa albarka. A wannan zirga-zirgar ne shi da ƙanwata suka fahimci juna. Matarsa ta rasu shekarun baya, ba su haihu ba. Da ya zo mini da maganar na yi murna sosai, na ce ai tuwona maina. Mahaifinmu ya rasu, Kawu ne waliyyinta. Danginsa sun je Kano da goro, an karɓe su. Kawu ya ce shi ba zai iya zuwa Kumasi bincike ba, ba zai iya zuwa China ba, amma yana da ɗa da ya zauna da mutumin shekara tara, don haka abin da na faɗa shi ne binciken. Ya ba ni lokaci in yi istihara, ya ce ranar Juma'ar nan zai kira ni, in na ce to sai a sa rana.

Mako biyu da suka wuce, bayan an idar da sallar Juma'a ina neman takalmina, sai na hango wani tsoho da sanda da farar hula. Baba Ma ne, ya rame, ashe asibiti ya kawo shi garin. Na rungume shi, na ciro waya na buɗe manhajar fassara, ina magana tana juya masa. Cikin zumuɗi na ce masa har yanzu ina cin abinci a gidansa, ɗan ƙaninsa ya riƙe amana, har mahaifiyata na kai. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ɗago ya dube ni. Ya karɓi wayar ya yi magana a hankali. Ya ce shi ba shi da wani ɗan ƙani a garin nan. Lokacin kulle ya sayar da wurin ga wani da ba musulmi ba, ya cire allonsa da hannunsa ya tafi da shi. Ya ce kafin ya tafi ya kira abokina mai jin yare, ya zaunar da shi, ya ce ya sanar da 'yan'uwansa baƙaƙe kada su ƙara ci a nan, har takarda ya rubuta ya ba shi don ya ɗauki hoto ya tura a group ɗinmu. Tsohon nan ya riƙe hannuna yana ta girgiza kai yana istigfari, kamar shi ya yi laifin.

Ban yarda nan take ba, na ce ƙila waya ce ta yi shirme. Washegari da safe na tafi Liwan ni kaɗai, karon farko ba tare da Mumuni ba. Na yi scanning da kaina, na ɗora fassara a kan menu. Alade a layi na farko, alade a na uku, haƙarƙarin alade, cikin alade. Na kira wata ma'aikaciya da ta san ni, na nuna mata ƙullin jatan landen da Hajiya ta fi so, na rubuta mata ko akwai alade a ciki. Na ƙagu in ji ta ce meyo, wato babu. Sai ta yi murmushi ta haɗa yatsu biyu, ta rubuta cewa kitse ne ɗan kaɗan, shi yake sa laushi. Na leƙa tagar kicin, da yake yanzu gilashi ne, na ga yadda ake turarawa, kwanduna a jere ɗaya kan ɗaya har bakwai, na haƙarƙari a sama yana ɗiga kan na ƙasa. Da can ma ina ganin tagar nan, ban taɓa tsayawa na duba ba. Na fito na tsaya a bakin kwata na yi ta amai har wani mai shara ya miƙo mini ruwa.

Daga can ofishinsa na wuce a titin Huanshi Lu. Na rufe ƙofa, na ce na ga Baba Ma. Wallahi ko musu bai yi ba, ya dai zauna ya dafe kai. Ya ce da farko ya yi magana da sabon mai wurin, akwai wani kuku musulmi da ya rage, aka yi za a riƙa yi wa baƙinmu nasu daban, shi ya sa bai tura takardar ba. Kafin in dawo kukun ya bar aiki. Washegarin saukata da na ce mu tafi, ya ga yadda nake ɗoki bayan shekara uku, sai ya ce a ransa yau ɗaya dai, zai zaɓi abin da ba nama, gobe ya faɗa mini. Gobe ta yi na riga na gayyato alhazai biyu. Daga nan kullum faɗar sai ƙara nauyi take, don duk ranar da ya faɗa sai na tambaye shi me ya sa bai faɗa jiya ba. Na kuma gano mai wurin yana ba shi ɗaki na musamman a sama, inda yake zama da masu masana'anta in suna da magana, saboda yana kawo musu baƙi. Ya rantse ba don wannan ba ne, ni kuma ban san me zan yarda da shi ba yanzu.

Na ce to Hajiya fa, da ta dube ka ta kira ka ɗanta? A nan ne ya faɗi maganar da ta hana ni barci har yau. Ya ce, “Aboki, wanda bai sani ba Allah ba ya kama shi. Kai ba ka da zunubi, Hajiya ba ta da zunubi. Ni na sani, ni na ɗauka.” Wato a ganinsa rufa mana asiri ya yi, ya bar mu cikin duhu don kada a rubuta mana. Na ce in dai haka ne me ya hana ka ci tare da mu, ka ɗauka gaba ɗaya? Ka tsare naka cikin da ƙaryar ulsa, ka zauna kana zuba wa uwata shayi tana cin kitsen alade. Sai kawai hawaye suka zubo masa. Na faɗa masa maganganu da ba zan rubuta a nan ba, na buga ƙofa na fita. Tun ranar yana kira ba na ɗagawa, ya turo saƙo ya fi ashirin, duka neman gafara, kuma bai roƙe ni in rufa masa asiri wajen Kawu ba ko sau ɗaya, wannan ma na lura da shi.

Zafin da nake ji ba na aladen ba ne kaɗai. Na tambayi wani malami ba tare da na kama suna ba, ya ce wanda ya ci bisa rashin sani babu laifi a kansa, kuma ba dole ne in bi kowa in tayar masa da hankali ba, amma wajibi ne in hana mutane komawa. Na ji sanyi ta wannan ɓangaren. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin da na ɗauka ɗan'uwa ya iya zama gefena safiya bayan safiya, shekara biyu, yana kallon bakina, yana dariyar barkwancina, ya san abin da ban sani ba. In na tuna yadda nake buga ƙirji a gaban dattawa ina cewa a wuyana, shi yana gefe yana kurɓar shayi, sai in ji kamar in nutse. Ya mai da ni wawa a garin da nake taƙama na sani, kuma da hannuna ya sa na ci amanar mahaifiyata.

Ga kuma inda na fara tsoron kaina. Na shiga group ɗin 'yan kasuwarmu na rubuta cewa gidan shayin Liwan ya canza hannu, ba halal ba ne yanzu, kowa ya kiyaye. Ban faɗi tun yaushe ba. Mutane suka yi ta godiya, Sarkin Kwando Allah ya saka, gara da ka gano da wuri. Wani alhaji da na kai sau huɗu har ya ce Allah ya taimake shi ya ci rabonsa tun wurin yana na musulmi. Na karanta na sa masa alamar addu'a ban gyara masa ba. Ƙanwata ta kira sau uku a makon nan, kullum in ce aiki ya yi yawa. Ashe haka abin yake farawa, yau ɗaya dai, gobe zan faɗa. Kwana goma sha biyu kacal na yi ina ɗauke da abin da ya ɗauka shekara biyu, kuma ga shi har na fara irin tasa. Wannan bai sa na yafe masa ba, ya dai sa na rage ɗaga murya in ina zaginsa a raina.

Yanzu ga inda na maƙale. In na ce wa Kawu a fasa, ba zai karɓa haka kawai ba, mutum ne mai bin diddigi, kuma ni ne na yi ta yabon Mumuni wata da watanni. Dole in faɗi dalili, in kuwa Kawu ya ji to Hajiya ta ji, gidanmu ba a ɓoye mata magana. Mace mai shekara saba'in da hawan jini, wadda ta tsare cikinta tun tana budurwa, in ce mata mako uku tana cin abin da ta fi ƙyama a duniya, kuma ni na ja ta. Na san za a ce mata ba ta da laifi, na kuma san uwata, ba za ta ƙara cin abinci da daɗi ba, kuma ba za ta ƙara yarda da abin da na miƙa mata ba. In kuma na ƙirƙiro wani dalili na ƙarya, na yi masa ƙazafi ke nan a kan abin da bai yi ba.

In na ce wa Kawu to, na ba da shaida a kan mutumin da na san zai iya kallon idon tsohuwa ya ce ki ci. Gobe in wani abu ya taso a gidansa mai nauyin faɗa, rashin lafiya ko karayar kasuwa ko wani abin da ya fi haka, haka zai zauna yana zuba wa ƙanwata shayi yana murmushi? Za ta baro aikinta da danginta ta zo ƙasar da ba ta jin ko kalma ɗaya, duk abin da za ta sani sai ta bakinsa, kamar yadda na zauna. Amma kuma shi ne mutumin da ya tsare mini kaya shekara uku ko tsinke bai ɓata ba, shi ne ya tsaya a kan idon Hajiya. Ban taɓa kama shi da mace ko giya ko cin haƙƙin abokin ciniki ba. Na rasa gane ko mugu ne da ya iya ɓoyewa, ko matsoraci ne da kunya ta kai shi ta baro, kuma ban san ko matsoraci irin wannan ya fi mugu sauƙin zama ba.

Akwai hanya ta uku da nake juyawa, in kira ƙanwata ita kaɗai in faɗa mata komai, ta yanke da kanta, tunda ba yarinya ba ce. Sai dai ita ma ta ci, kuma a hannunta Hajiya take, kullum suna tare. In ta fasa sai an tambaye ta dalili, in ta amince na ɗora mata sirrin da za ta riƙa ɓoye wa uwarta har abada, ta shiga gidan miji da shi. Jiya da na ƙi ɗaga wayarta ta turo mini saƙo. Ta ce, “Yaya, na ga kamar akwai abin da ke damunka. In game da shi ne don Allah ka faɗa mini. Ni ban san shi ba sai ta wurinka, don na ga ka yarda da shi ne na yarda.” Na buɗe saƙon ya nuna mata na karanta, har yanzu ban ba ta amsa ba.

'Yan'uwa, musamman iyaye mata da malaman da ke gidan nan, da waɗanda suka taɓa ba da shaidar aure, me zan yi? In faɗa wa Kawu gaskiya duk abin da zai biyo baya ya biyo? In faɗa wa ƙanwata kaɗai? Ko in tilasta wa Mumuni ya kira su ya faɗa da bakinsa, in ya iya a ba shi, in ya kasa ya janye da kansa? Kuma wanda ya yi irin wannan sau ɗaya, ko da ya yi kuka, za ku ba shi 'yarku? Yau Laraba. Jibi bayan an sauko daga masallaci wayata za ta yi ƙara, Kawu zai ce ɗana, mutumin nan mai amana ne ko kuwa, kuma duk abin da na faɗa a kansa za a ɗaura. Don girman Allah ku gaya mini me zan ce masa.